Ƙamshin Jema a Kwalba ta Uku

Ke ce 'yata ta fari, saboda haka ban taɓa kiran sunanki a gaban mutane ba. Amma nan daga ni sai takarda, bari in rubuta shi: Zainabu. Yanzu shekararki huɗu, ba abin da ya dame ki sai 'yar tsanarki da ƙuli-ƙuli. Wata rana za ki girma, wata yarinya ta ce miki "jikar mai kwalba" a hanyar makaranta, ki dawo gida kina tambayata ma'anarsa. Ina tsoron wannan rana, don na san bakina ba zai iya ba. Damina biyu ke nan da faruwar abin. Gara in rubuta tun ina tuna komai yadda yake, kafin mutane su gama gyara labarin yadda suka ga dama.

A shekarar da aka yaye ki, mahaifinki yana koyarwa a Gagarawa, sai Juma'a yake dawowa Gumel. Ni kuma da takardar sakandarena na samu aiki a wani ƙaramin ofis mai kula da tsabtar ruwa. Ɗaki ɗaya ne, tebur biyu, da maigidana a wurin aiki, Mista Bitrus, wani dogon dattijo Kirista daga ƙasar Filato wanda ya yi shekaru a garin har ya iya zagin ɗan acaba da irin Hausarmu. Aikinmu duk a kan Tafkin Mai-kuka yake, babban tafkin da ke bayan unguwarmu. Asalinsa ramin ɗiban ƙasar gini ne, gari ya girma ya kewaye shi. Duk magudanan unguwa nan suke ƙarewa. Nan masu tubali ke kwaɓi, nan ake wanke babura, kuma duk Laraba garkunan shanun da za a kai kasuwar Maigatari nan suke tsayawa su sha, su bar abin da za su bari. Da farkon daminar nan injin ruwan famfo na ɓangarenmu ya lalace, mutane suka koma tafki. Muka bi gida-gida muna cewa a tafasa kafin a sha. Mata suna tafasawa, suna ƙunƙuni, domin itacen damina jiƙaƙƙe ne, hayaƙi ya fi wuta yawa.

Na tashi a bakin tafkin nan, amma ban taɓa ganinsa ba sai ranar da Mista Bitrus ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi ya ce in leƙa madubin likita. Na leƙa, na yi tsalle baya har na ture kujera. Gari guda ne a cikin ɗigon! Wani mai kama da silifas yana gudu da gashi a jikinsa, wani kore yana juyi kamar an kaɗa masa kalangu, wani kuma ba shi da kai ba shi da ƙafa, sai dai ya miƙa gefensa ya bi shi.

"Yallaɓai, duk waɗannan muke sha?"

"Waɗannan ai mutanen kirki ne, Malama Rabi," in ji shi yana dariya. "Mugayen ba sa nuna fuskarsu a wannan tsohon madubin. Su sai Kano."

Daga ranar ban ƙara zama lafiya ba. Na ɗigo ruwan kwata, na ɗigo ruwan da aka wanke gero, har yawuna na duba. Na riƙa zana su a bayan littafin aiki ina raɗa musu suna. Mai silifas ɗin Alhaji Sauri na sa masa. Ina so in san me suke ci, ko suna barci, ko sun san akwai mu. Ina gaya miki wannan don ki san ba sakaci na yi wa aikin ba. Son sa nake yi fiye da yadda zan iya faɗa wa mahaifinki ba tare da ya yi mini dariya ba.

Ga yadda aikin yake. Duk Litinin da sassafe nakan je tafki da kwalabe uku masu duhun gilashi, waɗanda ba a ganin cikinsu, an dafa su an toshe tun daga Kano. Ta farko a mashayar shanu, ta biyu a bakin babbar kwata, ta uku a wurin da mata ke ɗiba. Akwai kuma wani dogon bututun gilashi mai baƙar alama a gindi, in ta zuba ruwa har alamar ta ɓace, in rubuta inda ruwan ya tsaya. Kwalaben in rubuta musu suna, in jera a kula mai ƙanƙara, in kai tasha kafin motar Kano ta ƙarfe tara ta tashi. Doka ɗaya Mista Bitrus ya fi nanatawa: kwalba in an toshe ta, ba mai buɗewa sai mutanen ɗakin gwaji. Tsakanin tafki da tasha kuwa akwai gidan Inna, mahaifiyata, inda nake barin ki. Nakan biya in ajiye kular a rumfarta, in watsa ruwa, in sauya zanen da taɓo ya ɓata, in ba ki koko, sannan in wuce.

Kin san Inna yanzu a mace mai shiru. Da ba haka take ba. A unguwar nan kowa ya san ta da abu ɗaya, randar baƙi. Mu 'yan gida ruwan babbar randa muke sha, kowane iri aka samu. Amma a kusurwar ɗakinta akwai wata 'yar randa da take rufewa da faifai sabo. Ruwan sama take tara mata daga rufin kwano, bayan ruwan farko ya wanke rufin, ta tace da farin ƙyalle, ta tafasa da saiwar jema, ya huce, ya yi sanyi da ƙamshi. Ba ya da yawa, saboda haka ɗan gida ba ya taɓa shi. Amma baƙo, ko Buzu ne mai raƙumi ya yi sallama daga hanyar Sule Tankarkar, ko 'yar tallar nono ce rana ta dake ta, sai Inna ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu. Masu zuwa neman aure gidan maƙwabta ma nan ake aiko a roƙi kwano ɗaya.

Ranar Litinin ta farko Inna ta same ni ina jera kwalaben.

"Me kika rubuta a jikinsu haka?"

"Sunan unguwarmu, Inna, da sunana, don a san wanda ya ɗebo."

"Wa za a kai wa?"

"Manyan likitocin ruwa, a Kano."

"Manya," ta ce. Ta dubi taɓon da ke ƙafata, ta dubi kular. "Je ki yi wankanki, ina kallon yarinyar."

Takardar farko ta dawo bayan kwana biyar, da hatimi a kanta. Ruwan duk kwalabe uku ya dace a sha. Mista Bitrus ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa.

"Malama Rabi, tafkin naku waliyyi ne? Shanu su yi kashi a ciki, ya fi ruwan asibiti tsabta?"

Abin ya ɗaure mana kai, kuma in faɗa miki gaskiya, daɗinsa na ji, irin daɗin kacici-kacici. Bututuna yana cewa ruwan ya yi kauri har alamar kan ɓace kafin tsawon yatsa, takardar Kano tana cewa garau. Muka ce ko kwantawa yake a hanya. Na ajiye kwano guda a ofis yini guda, ya kwanta amma yana nan kore. Muka ce ko ƙanƙara ce ke kashe ƙwayoyin cutar, Mista Bitrus ya ce sanyi ba ya kisa, barci kawai yake sa su. Muka zargi direba, Mista Bitrus ya hau motar da kansa ya rungume kular har Kano, takarda ta dawo kamar ta baya. Har na ƙirƙiro nawa bayanin, cewa watakila su Alhaji Sauri ne ke cinye mugayen. Ya ce in rubuta, wa ya sani. Ya dawo daga tafiyar nan da wata magana da muka yi ta yi wa dariya: wai mai gwajin ya ce bai taɓa jin ruwan tafki mai daɗin ƙamshi irin namu ba. Na yi dariya har da hawaye. Ni da na girma a ɗakin Inna, na yi dariya, ban tsaya na yi tunani ba.

Takarda huɗu a jere magana ɗaya. Na sama da mu suka ce ba za a ci gaba da wahalar da mutane ba, Mista Bitrus ya sa hannu yana girgiza kai. Mai unguwa ya sa aka yi shela cewa likitocin Kano sun duba, ruwan tafki lafiya lau. Mata suka yi guɗa, suka daina ɓarnar itace. Babbar randarmu ma aka daina tafasa nata.

Ba a yi sati biyu ba amai da gudawa suka shigo unguwa. Ba zan iya rubuta kwanakin nan dalla-dalla ba, na gwada sau biyu na yage takardar. Ke dai kin kwanta a asibiti kwana uku ana yi miki ƙarin ruwa ta jijiyar kai, don ba a samu ta hannu ba, idanunki sun faɗa ciki. A gadon da ke kusa da naki akwai Ladidi, 'yar Talatu maƙwabciyarmu, wadda kuke wasan ƙasa tare. Ke kin tashi. Ladidi ba ta tashi ba.

Gari ya ɗauki zafi, kuma duk a kan mutum ɗaya. Wasu suka ce Mista Bitrus bai taɓa aika ruwan ba, shi ke rubuta takardun a ɗakinsa, tun da ba 'ya'yansa ke sha ba. Aka jefi tagar gidansa, matarsa ta daina zuwa kasuwa. Wasu kuma suka ce takarda mai hatimi ba ta ƙarya, cutar iska ce ta kawo ta, suka ci gaba da shan ɗanyen ruwan. Mai unguwa ya sa taro ranar Litinin bayan la'asar, a yanke abin da za a yi da baƙon.

Da safen Litinin ɗin na je tafki kamar kullum, don ban san abin da zan yi da jikina ba in ban je ba. Ina cika kwalba ta uku wani ɗan talibambam ya bi ruwa ya shige. Na gan shi sarai, baƙi, da 'yar wutsiyarsa. Na toshe a haka. Na biya gida, na yi wanka, na duba ki, na kama hanyar tasha. Amma duk hanya shi nake tunani. Zai kai Kano da rai? Iskar da ke cikin kwalba za ta ishe shi? Mutuwa ta ishe ni a satin nan, ko ta talibambam ce. A gindin wata darbejiya kusa da tasha na tsuguna, na karya dokar da ban taɓa karyawa ba, na buɗe kwalbar na tsiyaya a tafin hannuna.

Babu talibambam. Ruwa fari tas. Sai ƙamshi ya bugi hancina, ƙamshin da na sani tun kafin in san sunana.

Ban san yadda na kai gida ba. Na tarar da Inna tana tankaɗe. Na ajiye kwalbar a gabanta, na ce, "Inna, ina ruwan da na ɗebo?"

Ko ɓoyewa ba ta yi ba. Murmushi ma ta yi, irin na wanda aka gano alherinsa.

"Na zubar a kwata, inda ya dace da shi. Har kwalaben nakan ɗauraye da ruwan zafi. Ke yarinya ce, ba ki san komai ba. Da sunanki a jiki, da sunan unguwa, ki aika wa manyan mutane wannan ƙazanta? Su buɗe su ce 'yar wace ce wannan, uwarta ba ta koya mata yadda ake ba mutane ruwa ba?"

"Ba sha suke yi ba, Inna."

"To me suke yi da shi?"

"Dubawa suke, su ga ko akwai cuta. Abin da suka gani a kwalba shi suke rubutowa. Ruwan randarki suka duba, suka ce tafki lafiya. Shi aka yi shela."

Rariyar tana hannunta. Na ga maganar tana shiga a hankali, kamar ruwa a busasshiyar ƙasa. Ta dubi ɗakin da kike kwance. Sannan ta juya ta dubi katangar da ke tsakaninmu da gidan Talatu, inda har lokacin ake jin masu zuwa gaisuwa. Rariyar ta faɗi, garin ya watse. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Ni ce na yi wa Ladidi wanka ranar suna."

Na tafi ofis na gaya wa Mista Bitrus. Ya daɗe yana kallon kwalbar, ya shinshina, ya rufe ido.

"Kada ki faɗa," ya ce. "Ni ma'aikaci ne, in abin ya yi tsanani a mayar da ni wani gari, shi ke nan. Mamanki fa? A nan aka haife ta, a nan za a binne ta. Laifina ma yana ciki, na ga lissafi bai yi ba na sa hannu."

"Yallaɓai, in an kore ka, wanda zai zo bayanka wa zai yarda da takardarsa? Masu cewa iska ce fa? Yanzu na wuce su suna ɗiba."

Ya miƙo mini kwalbar. Ni ma ba jarumta ce ta sa na faɗi haka ba. So nake ya ce mini akwai wata hanya, bai ce ba.

Bayan la'asar maza suka cika ƙofar gidan mai unguwa, mata muna daga cikin zaure. Ban taɓa magana a gaban maza uku ba, balle wannan taro. Ana ta hayaniya, wani yana cewa a ba shi kwana biyu ya tattara, Mista Bitrus yana tsaye hularsa a hannu. Na ji ƙafafuna sun fita da ni. Na durƙusa a bakin tabarma.

"Ranka ya daɗe, ina da magana."

"Ke 'yar gidan wa?" in ji wani daga baya. "Wa ya kira mata?"

"Ku bar ta," in ji mai unguwa. "Ita ke ɗibar ruwan. Faɗi, 'yata."

Na miƙa masa kwalbar na ce ya shinshina. Ya kai hanci, ya ɗago da sauri. Ya sha ruwan nan ba sau ɗaya ba. Ya miƙa wa liman, liman ya miƙa wa na kusa da shi. Kwalbar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, duk inda ta kai sai wurin ya yi tsit, domin da wuya a samu wanda bai taɓa durƙusawa a zauren Inna ya sha ba. Ban ma kira sunanta ba. Na faɗi dai yadda aka yi, da dalilin da ya sa, na ce ni na bar kular ba tsaro, ni kuma na ji maganar ƙamshi na yi dariya. Na ce tafkin bai taɓa zama lafiya ba, a koma tafasawa yau ɗin nan.

Kafin magariba aka sake shela. Mista Bitrus ya kai sabon ɗiba da hannunsa washegari, takardar da ta dawo ba sai na gaya miki abin da ke ciki ba. Cutar ta lafa. Aka gyara injin famfo bayan wasu makonni. Mai unguwa da liman suka je har gida suka ba Mista Bitrus haƙuri, wanda ya fasa tagar ya zo ya gyara ta yana sunkuyar da kai. Har yanzu ni ke ɗibar ruwan Litinin, sai dai daga tafki tasha nake wucewa da taɓona, kular a kaina.

Ba wanda ya zagi Inna a fuskarta. Talatu ma ta shigo da kanta bayan sadakar arba'in, ta ce kwana ne ya ƙare, ta yafe. Inna ta kasa ɗaga kai. Ni kuma ba ta taɓa ce mini don me na faɗa ba, ba ta kuma taɓa ce mini na kyauta ba. Muna gaisawa, muna cin abinci kwano ɗaya. Amma tun daga ranar ta kife 'yar randar a bayan ɗaki, kuma ba ta ƙara miƙa wa wani mahaluki ruwa da hannunta ba. In baƙo ya yi sallama sai ta ƙwala mini kira, ko ta aika maƙwabta. Ke kanki, jiya-jiyan nan kika ja zanenta kina cewa, "Inna, ruwa." Moɗar tana kusa da gwiwarta. Ta ɗora hannayenta a cinya ta ce, "Rabi, zo ki ba 'yarki."

Na sha tambayar kaina ko da na yi shiru da yanzu tana nan yadda take, tana durƙusa wa baƙi da kwanonta. Watakila. Watakila kuma da akwai wata Ladidin. Ban san yadda ake auna wannan ba, ba shi da bututu, ba shi da kwalba.

Abin da nake so a wurinki ɗaya ne. In sun ce miki jikar mai kwalba, kada ki yi faɗa, gaskiya suka faɗa, ke jikarta ce. In Allah ya sa tana raye ranar da kika iya karanta wannan, ki je bayan ɗaki ki tayar da randar nan, ki wanke ta. Akwai saiwar jema a ƙulle cikin akwatina, na ajiye. Ki tara ruwan sama, ki tafasa, ki bar shi ya huce. Sannan ki fita waje, ki yi sallama daga ƙofar gida kamar baƙuwa, ki ce kin sha hanya, ƙishi kike ji. In ta kira ni ba zan amsa ba. Ke kuma kada ki tashi.